Zabin Na-Sani a Kan Sikelin Mai Hatsi

Ga ta nan, ga ta nanku, kowa ya gyara zama.

Ta zo mu ji ta, in ta yi daɗi mu roƙi ƙari.

An yi wani mai gyaran rediyo a wata unguwa, ana ce masa Na-Sani. Ba da sunan aka haife shi ba, bakinsa ne ya jawo masa, don ba a taɓa kai ƙarshen magana a gabansa ba. Ka ce masa an yi ruwa a gari kaza, kafin ka rufe baki ya ce ai ya sani, har ya gaya maka ta inda hadarin ya taso. Da mutane suka koma jin labarai a waya, sai shagonsa da ke jikin gidansa ya zama maƙabartar rediyoyi, shi kuma ya koma zaman benci a ƙofar tela maƙwabcinsa, yana gyara wa duniya kurakuranta.

Gidan kuwa matarsa ce ke riƙe da shi, da kiwon zabi. Kiwon sake take yi. Da safe ta buɗe musu ƙofar baya su fita fili su ci fara da tsutsa da 'ya'yan ciyawa, da yamma ta watsa musu hatsi su dawo da ƙafarsu. Ba allura, ba abincin kanti. Wannan ne ya sa kukun wani babban otal ya fara saye a wurinta, don baƙinsa masu son naman da ba a ɗura wa magani ba ne. Ta sha wuya kafin ta same shi, shekara da shekaru tana kai masa ɗanɗano yana juya kai. To yanzu otal na da babban taro a gaba, kuku ya ce garken nan duka nasa ne. In ta cika alkawari ya riƙe ta dindindin, in ta saɓa akwai masu jira a layi.

Ana haka sai yayarta ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu, can wani gari mai nisa, ba mai jinyarta. Dole ta haɗa kaya. Ta tsaya a bakin ƙofa da jaka a hannu ta ce, "Maigida, ka buɗe musu da safe, ka watsa musu da yamma. Don girman Allah kada ka ƙara musu komai daga kanka."

Ya ce ai ya sani. Ya ce shi da ya buɗe cikin rediyon da masu ƙera ta ma suka kasa, zabo ne zai gagare shi? Ta dube shi, ta dubi zabin, ta yi ajiyar zuciya ta tafi.

Kwanaki kaɗan ya yi yana bin umarni, abin na cin ransa, don aikin da ba a ganin gwaninta a cikinsa ba aikinsa ba ne. Ran nan yana taɓa wata tsohuwar rediyo sai ta kama, ya ji wani likitan dabbobi yana bayani a kan ganyayyakin da ake ɗan sa wa tsuntsaye a abinci su ƙara girma. Ya ambaci zogale, ya ambaci tafarnuwa da citta da hulba. Daga nan Na-Sani ya fara gardama da rediyon, yana cewa wannan ai tun yana yaro ya sani, saboda haka bai ji inda likitan ya ce ɗan kaɗan ake barbaɗawa ba, abin da yatsu za su tsinka.

Ya fito ya zauna a benci ya sanar da tela cewa kafin uwargida ta dawo, zabin nan za su zama talotalo. Ya ce in tsinken yatsa na ƙara girma, to cikin kwano fa? Lissafi ne, ba sihiri ba. Tela bai ɗago daga keken ɗinkinsa ba, ya ce gishiri ma na ƙara wa miya daɗi, ya gwada zuba cikin kwano ya gani. Na-Sani ya ce shi ya sa tela ya tsaya a kan allura da zare, ƙwaƙwalwarsa ba ta wuce kafar allura ba.

Abu na farko da ya yi shi ne rufe ƙofar baya. Ya ce yawon nan ne ke cinye musu tsoka, wa ya taɓa ganin ɗan aike mai ƙiba? Ya kora garken duka cikin shagonsa ya kulle. Zabo kuwa kun san shi, ɗan daji ne da aka roƙa ya zauna a gida. Suka hau kan rediyoyi suna zubo da su, suka buɗe maƙogwaro da kwarmato tun daga safe har faɗuwar rana. Tela ya yanka wa wani hannun riga biyu duk na hagu. Da ya kai ƙara, Na-Sani ya ce kukan girma ne, ƙashi ne ke buɗewa, shi ma tela da yana yaro haka ya yi, sai dai nasa bai buɗe ba.

Ya je wurin wata tsohuwa da ke bayan gidansu ya ari turmi. Ta tambaye shi me zai daka, ya ce, "Gwaggo, ilimi zan daka." Ya jibga tafarnuwa da citta da zogale da hulba, ya ƙara ganyen darbejiya don ya ji an ce duk abu mai ɗaci magani ne, ya ƙara barkono don zabin su ji ƙishirwa su sha ruwa su kumbura. Ya yi ta kirɓawa a tsakar gida, iska ta kwashi garin ta raba wa unguwa. Ranar har kuliyoyi sun yi atishawa. Da ya mayar da turmin, tsohuwa ta sunsuna ta ce ta bar masa, ko gawayi ba za ta ƙara dakawa a ciki ba.

Ya cakuɗa garin da hatsinsu har hatsin ya ɓace a ciki, ya ajiye musu. Babban zabon garken, wani mai jan kai, ya matso ya kai sara ɗaya, ya girgiza kai, ya goge baki a ƙasa ya koma bayan rediyo. Sauran suka bi shi. Sai dai in yunwa ta ci ƙarfinsu su zo su tsinci 'yan ƙwayoyin da suka tsira a gefen kasko.

Wani mai hankali da a nan ya tsaya. Na-Sani kuwa ya ce ya gano matsalar: zabo mai zargi ne, ba ya cin abin da bai ga babba ya ci ba, kamar yadda kaza ke tsintar hatsi a gaban 'yan tsakinta. Saboda haka ya tsuguna a tsakiyar shago, ya ɗebi garin ya watsa a baki yana lumshe ido yana cewa daɗi, hawaye na zuba. Zabin suka karkata kai suna kallonsa da ido ɗaiɗai. Washegari ya dama nasa da madara da sukari, ya rage darbejiya da barkono, ya ninka hulba, don ya ce malami ba ya koyarwa yana kuka. Safe da yamma yana tsugune yana shan darasinsa kofi bayan kofi, ɗalibai na kallo.

To hulba ba ta san wa aka nufa da ita ba, cikin da ta samu shi take buɗewa. Na-Sani ya fara jin yunwar da bai taɓa ji ba. Ya ci burodi da ƙwai a wurin mai shayi, ya dawo gida ya dafa shinkafa tukunya guda, ya sake komawa wurin mai shayi ya tambaya ko burodi ya rage. Ga shi babu fita fili, babu bin zabi, daga benci sai tabarma.

Sai kuma ya ce ilimi ba ya cika sai da awo. A bakin titin akwai mai sayar da hatsi da ke da babban sikeli na auna buhu, irin mai faranti a ƙasa da allura a sama. Na-Sani ya sha kokawa ya kamo zabo mai jan kai, ya kai shi ya ɗora a farantin ya sake. Zabo ya ga hatsi zalla a buɗe, abin da ya daɗe bai gani ba. Ya faɗa ƙwaryar gero, ya tsallaka ta dawa, ya kifar da ta wake, mai hatsi na bin sa da tsintsiya yana ambaton iyayen zabo da na mai zabo. Da ƙyar aka danne shi a bayan buhu.

Mai hatsi ya rantse ba tsuntsun da zai ƙara taka masa sikeli. Na-Sani ya ce ba sai ya taka ba, ga dabara. Ya hau shi kaɗai aka duba nauyinsa, ya haddace. Ya sauka ya rungumi zabo ya sake hawa, ya cire na farko daga na biyu, abin da ya rage shi ne zabo. Gaskiya dabarar ba ta da laifi. Laifin ya zo ne da aka sake zuwa awo, mai hatsi ya ce ya fara hawa shi kaɗai tukuna. Na-Sani ya ce ɓata lokaci ne. Namijin da ya haura hamsin ya gama ginuwa, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, nauyinsa na nan a kansa kamar sunansa. Mai hatsi ya ɗaga kafaɗa, don shi dai kada a taɓa masa gero.

Daga ranar, duk zuwan da za su yi allura sai ta ƙara gaba. Na-Sani ya cire tsohon nauyinsa, ya ba zabo duk abin da ya rage. Zabo ya kai agwagwa. Zabo ya wuce agwagwa ya kamo talotalo. Na-Sani ya dawo benci yana hura hanci, yana cewa likitan rediyon nan ma ya kamata ya zo ya ɗauki darasi.

Su kuwa zabin, yunwa da ƙunci sun sa sun daina kwarmato, sun takure a kusurwa sun bubbuɗa gashi kamar masu jin sanyi. Na-Sani ya leƙa ya ce ga shi nan, ƙiba har ta hana su magana, dubi yadda suka cika. Tsohuwa ta ce ita dai a saninta tsuntsu in ya buɗa gashi ba lafiya ba ce, ya ce zamaninta daban. Tela ya tambaye shi, in zabon ya kai talotalo, yaya yake ɗaukarsa da hannu ɗaya kamar hula? Ya ce ai nan ne abin mamakin yake, garin ya ƙara masa ƙarfi shi ma, yanzu ko buhu ya ɗauka ji yake kamar auduga.

Ana nan sai rigarsa ta ƙi rufuwa. Ya kawo ta ya jefa wa tela a kan keke, ya ce wannan wane irin ha'inci ne, a yi wa mutum ɗinkin da ke tsukewa bayan shekara uku? Tela ya ɗauko tef ya nufi cikinsa, Na-Sani ya buge masa hannu, ya ce rigar za a auna, shi lafiyarsa ƙalau.

Tela ya ce, "Maƙwabci, ni fa da ka bari na gaya maka wata magana guda, a kan sikelin nan."

"Na sani."

"To shi ke nan, tunda ka sani." Ya ƙara masa ƙyalle a gefe da gefe. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Da ranar kuku ta matso, Na-Sani ya nemo lambarsa ya buga masa. Ya ce kada ya zo da 'yan kejinsa na da, ya zo da babbar mota, ya kuma gaya wa masu otal su sayi manyan faranti. Ya buga wa matarsa ya ce ba zai gaya mata komai ba, gani ya kori ji. Wannan maganar ce ta hana ta sukuni, ta damƙa yayarta a hannun wata 'yar uwa ta kamo hanya. Shi kuwa ya bi unguwa gida gida yana gayyata, ya ce kowa ya zo shagon mai hatsi ya ga abin da ilimi ke yi, masu kiwon kaji su zo da kunnen basira.

Ranar kuwa an taru. Kuku ya iso da motarsa, mutum ne marar yawan magana, da farar riga tsaf. Uwargida ta sauka daga motar haya a daidai lokacin, jaka a hannu, ko gida ba ta shiga ba ta ga taro ta nufo. Ta ga wani ƙaton mutum a tsakiya yana jawabi da muryar mijinta. Sai da ta ƙura ido ta gane shi ne. Wuya ya haɗe da haɓa, ciki ya riga shi gaba. A hammatarsa ga zabonta mai jan kai, kan ya koɗe, ido ya faɗa. Ta dafa bango.

Na-Sani ya yi bayanin yadda ake daka, ya ɓoye ma'auni don kada a sace masa sirri. Ya faɗi nauyinsa da ƙarfi kowa ya ji, ya ce kowa ya riƙe a kansa. Kuku ya miƙa hannu ya ce a ba shi tsuntsun ya taɓa, Na-Sani ya ce a'a, hannu na ƙarya, sikeli ba ya yi. Ya hau faranti, ƙarfe ya yi ƙara, allura ta zabura ta wuce duk inda ta taɓa tsayawa. Ya yi lissafinsa a fili ya juyo ya dubi jama'a, ya ce zabon da ke hannunsa a yau ya kai ɗan rago.

Aka yi ta kallon zabo, ana kallon juna. Na-Sani ya ɗaga shi sama don na baya su gani. Da ya ɗaga hannu sai ƙyallen da tela ya ƙara ya yage tun daga hammata har ƙugu, ya kai hannu zai tare, zabo ya samu kafa. Ya taka cikin Na-Sani ya yi tsalle, ya yi fiffike biyu ya sauka a kan rumfar shagon.

Ba wanda ya bi zabon da ido. Kowa allura yake kallo. Ɗan rago guda ya tashi daga kan sikeli, allura kuwa ta ɗan girgiza, ta ja baya kamar faɗin farce, ta tsaya cik.

Zabon na can sama yana ƙwanƙwasa kwanon rumfa da baki. Sai tela ya yi gyaran murya ya ce, "Ikon Allah. Zabo ya tashi ya bar nauyinsa."

Na-Sani ya ce sikelin ne ke da nawa, a ba shi lokaci ya gane. Aka ba shi. Ya buga allurar da yatsa. Ya sauka, allura ta koma gida, ya sake hawa, ta dawo inda take. Ya cire takalmi. Ya cire hula. Ya ce mai hatsi ya taɓa sikelin don hassada, mai hatsi ya ce da sikelin nan yake auna abincin unguwar nan duka, ba a taɓa kawo masa buhun da ya yi gardama ba sai yau. Tsohuwa ta ce a bar bawan Allah, garin ya yi aiki, ɗalibi ɗaya ne dai ya ci jarrabawa. Nan fa dariya ta ɓalle, masu kiwon kaji na riƙe ciki, wani na tambaya ko a kan kilo ake sayar da shi ko a tsaye.

Kuku bai yi dariya ba. Ya ce a kai shi ya ga sauran. Uwargida ta karɓi makulli daga hannun mijinta ba ta dube shi ba, ta buɗe shagon. Warin tafarnuwa ya fito ya tari mutane, na gaba suka ja baya. Kuku ya sunkuya ya ɗauki zabuwa ɗaya, ba ta ko yi yunƙurin gudu ba. Ya shafa ƙirjinta, ƙashi tsaye kamar bakin wuƙa. Ya ɗauki ta biyu, ya ɗauki ta uku, ya ajiye a hankali ya goge hannu.

Uwargida ta yi ƙasa da murya ta roƙe shi. Ta ce ya san kiwonta, ya san ba halinta ba ne, ya ba ta lokaci su koma fili su murmure. Ya ce ya sani sarai, kuma ya ji mata, amma taro ba ya jira, baƙi ba sa cin uzuri, wanda ya cika masa wannan karon shi zai riƙe. Na-Sani ya kutso da yagaggiyar riga ya ce a yi haƙuri, kuskuren ma'auni ne kawai, in aka ƙara hulba a karo na biyu...

Kuku ya dube shi daga sama har ƙasa ya ce, "Malam, ni nama na zo saye. Naman kuwa na gan shi, yana jikin da ba a yankawa." Ya juya ya ce, "Mama, Allah ya mayar da alheri." Ya shiga mota da kejinsa wayam ya tafi.

Jama'a suka tsaya jiran faɗa, ba su samu ba. Uwargida ta wuce ta buɗe ƙofar baya. Zabin suka fito ɗaya bayan ɗaya suna tangaɗi, suka ga ciyawa, suka tuna su su wane ne. Ta karyo tsumagiya a jikin bishiya ta miƙa wa mijinta. Ta ce sun yi rauni, ba za su iya tsere wa shaho ko kare ba, sai da mai tsaro. Daga yau shi zai fita da su da safe, inda suka sa ƙafa ya sa tasa, ba benci ba tabarma, sai sun dawo da kansu.

Ya buɗe baki zai yi magana, ta ce, "Maigida, naman nan da ke jikinka nasu ne. A fili ka ɗauke musu shi, a fili za ka mayar."

Haka kuwa aka yi. Zabin suka murmure, suka koma gudu da tsalle, ya zamana bin su sai mai dogon numfashi. In ka bi ta bayan unguwar da hantsi za ka ga garke ya yi gabas, wani mutum na haki a bayansu da tsumagiya, yana kiransu su tsaya ya yi musu bayani. Motar kuku kuwa takan bi ta titin duk mako, kejinta cike da zabin wani gidan. Uwargida na jin ƙararta daga tsakar gida, motar ba ta taɓa rage gudu a ƙofarsu ba.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera. In ƙarya na shirga muku, ku ɗora ta a sikeli ku cire nauyina, abin da ya rage naku ne.